A fara da rijiya kafin a kira baƙi

A ƙasar Japan akwai tsibirin Shikoku, inda mabiya addinin Buda ke zagaya wuraren ibada 88 a kan hanya mai tsawon kusan kilomita 1,200. Mota ta daɗe da sauƙaƙa zagayen, amma yanzu yayin ya juya: mutane, har da baƙin da ba addininsu ba ne, suna ajiye mota su taka da ƙafa wata guda da rabi, wasu su hau keke. Tun da hotunan irin wannan tafiya suka cika wayoyi, na fara jin samarin Agadas suna cewa mu ma a buɗe tamu, Turawa su zo da kuɗi.

Hanya kam muna da ita. Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, kuma masana da yawa na ganin kufanta ne ke Azelik. Shehu Magili ya zauna a wannan yanki yana karantarwa kafin ya wuce Kano da Katsina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya biyo malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Malam ya wuce Makka, almajiri ya juya gida don mahaifinsa bai yi masa izinin hajji ba. Ga hasumiyar babban masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda matafiya ke hangowa tun daga nesa. Wanda ya taka daga gindinta zuwa Ingal, ya zarce Azelik, sawun malamai da alhazai ya bi.

Inda na saɓa da samarin nan shi ne zancen Turawa. Abin da ya riƙe hanyar Shikoku mutanen gefen hanya ne, waɗanda suka gaji al'adar miƙa wa matafiyi shayi, abinci, wani lokaci har makwanci, ba su karɓar ko sisi. Mu ma haka tamu ta rayu: zango, rijiya, madugun da ya san taurari, da mai gidan da ba ya tambayar baƙo sunansa sai ya sha ruwa. In babu waɗannan, sunan hanya kawai ya rage. Mun kuma ga ƙarshen dogaro da baƙi: tawayen 2007 ya ɓarke, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ƴan rakiya da maƙeran azurfa suka wayi gari ba ciniki. Shigar tsohon garin Agadas cikin jerin UNESCO a 2013 bai dawo da su yadda ake fata ba.

Keke kuwa, a bar shi a kan kwalta. Wanda ya taɓa tura shi cikin rairayi ba sai an yi masa wa'azi ba. Ƙafa da raƙumi ɗauke da salka sun wadatar, a lokacin sanyi, bayan an ji ta bakin hukuma kan tsaro.

Don haka ina kira ga fadar Sarkin Abzin da malaman gari: a zauna da tsofaffin madugai tun suna raye, su faɗi zangon kowace rana a rubuta, a yashe rijiyoyin da suka cike. Ayarin farko kuma ya zama na ɗaliban makarantunmu.