Harshe da Wasa a Talabijin: Nazari a Kan Tashar NTA Sports 24

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna tashar wasanni ta Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wato NTA Sports 24, da ma'auni biyu: harshen da take magana da shi, da kuma abin da ta ɗauka shi ne wasa. An kafa hukumar a 1977, ta haɗe tashoshin da suka riga ta, har da ta Ibadan ta 1959 da ta Kaduna ta 1962. Tun da da sunan ƙasa aka kafa tashar, ya kamata a tambaya ko ƙasar tana jin muryarta a ciki.

2.0 Harshen Sharhi

Akasarin shirye-shiryen tashar da Ingilishi ake yin su. Hujjar da akan kawo ita ce Nijeriya ƙasa ce mai ɗaruruwan harsuna, saboda haka zaɓen ɗaya zai jawo ƙorafin saura. Hujjar tana da ƙarfi, amma hukumar da kanta ta raunana ta, domin ta buɗe tashoshi na Hausa da Yarbanci da Ibo. Abin da ya faru ke nan shi ne an ajiye harshe a ɗaki guda, an ajiye wasa a wani.

Ba kuwa za a ce Hausa ta gaza ba, don rediyo ya daɗe da share fage, har Sashen Hausa na BBC ya sha kawo sharhin gasar Firimiya kai tsaye. A dubi kalmar gida. Daga gare ta aka sami mai tsaron gida, da 'yan baya masu kare gida, da satar gida, da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan na ƙarshe dogo ne, amma ya bayyana dokar gaba ɗaya, ta yadda wanda bai taɓa shiga fili ba zai gane abin da ake ciki. Aron fenariti ba ya yin haka. Kunnen doki kuma ya zana hoton daidaito a kalma biyu. Sai dai akwai matsala: wani ya ce gola, wani mai tsaron raga, wani mai tsaron gida. Tasha ta ƙasa ce ke da ikon daidaita irin wannan saɓani ta yawan maimaitawa, kuma wannan dama ce da ake bari tana wucewa.

3.0 Me Ake Nufi da Wasa?

Kuɗin sayen izinin nuna manyan gasannin Turai ya fi ƙarfin tashar gwamnati, kuma 'yan kasuwa irin su SuperSport sun mamaye wannan fage. Arzikin tashar ƙasa yana gida: ƙungiyoyi kamar Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, sannan dambe da kokawa da langa da sukuwa.

A nan ne batun harshe da na wasa suke haɗuwa. Dambe ba naushi kaɗai ba ne. Akwai turmi, akwai kisa, akwai shago da ubangidansa, akwai kirari da kiɗa irin wanda Ɗan Anace ya yi wa Shago. In aka nuna dambe aka yi sharhinsa da Ingilishi, an nuna gangar jiki an bar rai. Jamhuriyar Nijar ta ba da misali: gasar kokawa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tashar Télé Sahel tana watsa ta, jama'a kuwa suna bin ta jiha da jiha.

4.0 Kammalawa

Tashar ta cancanci yabo da ta ware wa wasanni gurbi nasu. Abin da ya rage shi ne ta keɓe sa'o'i na sharhi da manyan harsunan ƙasa, ta tsara wa wasannin gargajiya lokaci tsayayye, ta kuma nemi sassan nazarin harsuna na jami'o'i su taimaka wajen tace kalmomi. In ba haka ba, yaron da ke kallo zai tashi da zaton cewa Hausa ta zaman gida ce, ba ta fili ba.