Mayyar Accendura da Taron Jama'a

A shekarar 1972 Lucio Fulci, mutumin Italiya, ya fitar da fim mai suna Non si sevizia un paperino, wato kada a azabtar da ɗan agwagwa. Irin finafinan nan ne da Italiyawa ke kira giallo, inda ake ta kisa ana neman mai yin sa, amma Fulci ya lulluɓe nasa da duhun maƙabarta da ƙasusuwan jariri da 'yan tsana na tsafi.

A wani ƙauye na ƙage a kudancin Italiya, Accendura, ana ta tsintar gawawwakin yara maza. Zargi ya faɗa kan Maciara, matar da ake kira mayya. Ita kanta ta gaskata sihirinta ne ya kashe su, gama ta soke 'yan tsana da allura. 'Yan sanda suka bincika, suka ga ba hannunta, suka sake ta. Sai mazan gari suka tare ta a maƙabarta, suka yi ta dukanta da sarƙa, rediyo kuwa yana rera waƙa mai daɗi. Ta ja jiki har bakin babbar hanya, motoci suna wucewa, ba wanda ya tsaya. Wanda ya san misalin Basamariye ba ya bukatar a yi masa fassara.

Can a ƙarshe aka gane mai kisan shi ne Don Alberto, matashin fada mai buga ƙwallo da yaran. Yana kashe su ne wai domin kada su girma su yi zunubi. Mai bi zai ji zafin wannan, ba laifi. Amma a duba da kyau: wannan fada ya fid da zuciya ga alherin Allah, yana ganin kabari ya fi tuba iya ceton mutum. Karkatacciyar koyarwa ce, fim ɗin kuma bai yabe ta ba. Inda Fulci ya ɓata rawarsa shi ne tsiraici marar dalili da yawan nuna jini. Ba na yara ba ne ko kaɗan.

Abin da ya sa na kawo shi gaban 'yan'uwa shi ne taron nan mai sarƙa, domin mun san irinsa a Afirka. A Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, unguwar Kilomita Biyar, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, ta zama mafakar Musulmi a 2014, lokacin da sunan mutum kaɗai kan isa a kashe shi a titi, masu kisan kuwa da yawansu suna amsa sunan Kirista. Paparoma Francis ya shiga masallacin Koudoukou na unguwar ran 30 ga Nuwamba 2015. Duk da haka, ran 1 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka auka wa majami'ar Fatima da ke kusa, suka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba da masu sujada. A ranar nan taro mai fushi ya huce a kan mutanen da ba a tabbatar da laifinsu ba. A fim ɗin ma, bayan an kashe Maciara, an sāke tsintar gawar wani yaro.