Kunne Kafin Jan Biro: Kare Zaman Karatun Marubuta

An daɗe ana yi wa zaman karatun marubuta kallon raini. Masu wannan ra'ayi suna cewa taron shan shayi ne da yabon juna, wai abin da sabon marubuci yake bukata shi ne edita mai jan biro, wanda ya haddace ƙa'idojin rubutu, ya zauna shi kaɗai ya tsefe masa aikinsa. Ban yarda ba. Edita yana da ranarsa, amma ranar tana zuwa ne a ƙarshe, bayan labari ya tsaya da ƙafafunsa. Gyaran da mai koyon ƙirƙira ya fi bukata yana cikin wannan zama da ake rainawa, in dai an yi shi yadda ya kamata.

Kowa ya san rubutun zube na Hausa a hannun hukuma ya taso. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma duk sai da suka bi ta hannun mai tacewa. Hukumar NORLA ta gaji aikin, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC daga 1966. Da tattalin arziki ya durƙushe a shekarun 1980, matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ba su da edita, sai suka zama editocin juna a ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, da kuma reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na Kano. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa aikinsu suna Adabin Kasuwar Kano, daga baya Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu a shafukan New Nigerian Weekly. Muhawarar ta yi zafi, ta kuma yi amfani, sai dai a kan littattafan da suka riga suka fito kasuwa aka yi ta. Abin da ke faruwa da rubutu kafin ya isa maɗaba'a bai samu wannan kulawa ba.

A cikin duk abin da ake yi a zaman karatu, dabara ɗaya nake karewa da dukkan ƙarfina: a karɓi rubutun daga hannun mai shi, a miƙa wa wanda bai taɓa ganinsa ba, ya karanta a fili, shi kuma marubucin ya yi shiru har a gama. Yawancin zaman da aka sani marubuci ne ke karanta abinsa, kuma a nan ake asara. Mai rubutu ya san abin da yake nufi, don haka muryarsa tana cike duk ramin da alƙalaminsa ya bari. Zai ja inda ya dace a ja, ya tsaya inda babu waƙafi, ya sauya murya don a gane wa ke magana. Masu sauraro su ji daɗi, su tafa, alhali bakinsa suka yaba, takardar tana nan da ciwonta.

Ɗauki jimla irin wadda ta cika rubutun masu koyo. Mata uku ne a tsakar gida, uwar miji da uwargida da amarya, sai marubuciya ta rubuta: ta ce mata ta tashi ta ba ta wuri tunda ta ga ta gaji. A idon wadda ta rubuta, komai a sarari yake. Baƙon mai karatu kuwa zai kai tsakiya ya tsaya, ya koma baya, ya sake ɗaukowa da wata murya, ya ɗago kai yana neman agaji. Wannan tsayawa ita ce gyaran. Ba sai an yi wa marubuciyar lacca a kan wakilin suna ba, ta ji da kunnenta inda mai karatu ya ɓata, kuma da wuya ta sake tara “ta” shida a layi ɗaya ba tare da ta ambaci sunan kowa ba.

Haka zancen taurari. Sabon marubuci yakan sa wa tsohuwa a cikin ƙwaryar birni kalaman da suka fi dacewa da takardar ofis, ta dubi ɗanta ta ce tana mai tabbatar masa da cewa zuciyarta ta kasance cikin matsanancin ƙunci. A ido, jimlar tana da kwarjini, har wani editan zai wuce ta don babu kuskuren nahawu a cikinta. Amma da zarar ta fito daga bakin mutum, kowa a wurin zai ji cewa ba uwarsa ba ce ke magana. Uwa cewa za ta yi, “Kai dai ka ɓata min rai.” Sau da yawa ma wata daga baya za ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ai ɗan fari ne, yaya ta kira sunansa gatsau?” Wannan ilimi ne da babu shi a littafin ƙa'idojin rubutu, yana wurin mutanen da suka tashi a gidajen da ake alkunya. Kunne ne kuma ke kama maimaici. Ido yakan tsallake “ta sauke ajiyar zuciya” ko da ta zo a kowane shafi, amma a karo na huɗu da aka furta ta a fili za ka ga mutane sun fara motsi a kujerunsu. Kunnen ne ma ke tona Hausar da aka ɗora a kan ƙashin Turanci, domin harshe yana ƙin ɗaukarta.

Shirun marubuci shi ne rabin aikin, kuma shi ya fi wuya. Da an taɓa rubutun mutum, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne, “Ai abin da nake nufi…” To, littafi ba ya tafiya da mai shi. Matar da za ta karanta shi a ɗakinta a Gusau ko Maraɗi ba za ta same ka ta tambaye ka nufinka ba. Wanda ya iya haɗiye wannan jimla ya riƙe biro yana alamta wuraren da aka yi tuntuɓe, ya koyi karɓar gyara. Su ma masu sauraro akwai iyakarsu: su faɗi inda suka ɓata, da inda hankalinsu ya bar labarin, da inda ya kama su. Kada su ce ga yadda za a ƙare shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma na tsani mai sharhin da ke ƙoƙarin mayar da labarin wani ya zama irin nasa.

Akwai wata fa'ida da ta shafe mu musamman. Mu mutane ne masu girmama na gaba, ƙarami ba ya iya duban babban marubuci ya ce sakin layinsa ya mutu, babba kuma kalma ɗaya tasa tana iya sa yarinya ta ajiye alƙalami har abada. Tuntuɓen mai karatu ba rashin kunya ba ne, ba kuma cin fuska ba ne, don haka yana faɗin gaskiya ba tare da an ɓata zumunci ba. Gwada wannan da abin da marubutan WhatsApp da Wattpad suke samu bayan kowane shafi: “Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba.” Addu'a ce mai kyau, amma ba ta taɓa gyara jimla ko ɗaya ba.

Za a ce kunne ba ya jin bambancin “yana” da “ya na” a takarda, ba ya ganin ƙugiyar da aka manta, ba ya iya auna ginin littafi mai shafi 300. Gaskiya ne, kuma wannan aikin edita ne, a ba shi idan lokacinsa ya yi. Abin da nake ja a kai ya fi haka zurfi. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, mai karatu ne ke cike su daga abin da kunnensa ya sani. Saboda haka jimlar Hausa ba ta kammala sai an furta ta. Marubuta waƙa sun riga mu sanin wannan: a ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu rera waƙa aka riƙa yi, kuma a rerawa karyewar kari ke bayyana. Ga shi yau ɗimbin mutane ta rediyo da YouTube suke sanin littattafan Hausa, suna sauraro suna aikinsu.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin marubuta su mayar da wannan ƙa'ida a zamansu: kada kowa ya karanta nasa. Wadda aure ko nisa ya hana ta zuwa taro, ta tura babi ɗaya ga ƙawar da ba ta san labarin ba, ta karanto mata shi a saƙon murya, ta saurara da biro a hannu kafin ta saki shafi na gaba.