Kasko, Hita Ko Tukunyar Turawa: Da Me Za Ka Ɗumama Gida a Hunturun Zariya?

Da zarar Disamba ta kama, iska ta juyo daga arewa maso gabas da ƙurarta, za ka ga haja ta canza tun daga Ƙofar Doka, ka bi ta Tudun Wada har kasuwar Sabon Gari. Buhunan gawayi, kasko, kurfoti, da hitar nan mai murɗaɗɗen ƙarfe da ake tsomawa a bokiti. Idan ka buɗe wayarka kuma, sai ka ci karo da tallace-tallace da rubuce-rubucen da aka kwaso daga ƙasashen sanyi, ana koya maka yadda za ka zaɓi tukunyar ɗumama gida "mafi inganci". Mai tallar intanet yana maganar sunan kamfani, mai shago yana maganar araha. Dukkansu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: idan zafin ya shigo ɗakinka, me ya biyo shi?

Bari mu fara da tukunyar Turawan. A Ingila, yawancin gidaje suna da wata na'ura a kicin wadda ke ƙona gas ta dafa ruwa. Wani ɗan famfo mai aiki da lantarki yana tura ruwan ta bututu zuwa wasu faffaɗan ƙarafa da ke jikin bangon kowane ɗaki, masu aiki kamar lagireton mota. Ruwan ya saki zafinsa, ya koma tukunya, a sake dafa shi. Tun Afrilun 2005 dokar gini a can ta ce kusan duk sabuwar tukunyar gas da za a kafa sai ta zama irin wadda ke tatso zafi har daga tururin hayaƙinta kafin ya fita, shi ya sa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin gas ɗin ke zama ɗumi.

Abu ne mai kyau, amma ba don mu aka ƙera shi ba. Su sanyinsu na watanni ne, dare da rana, har ruwa kan daskare. Namu a Zariya na wata uku ne ko ƙasa da haka, kuma na 'yan sa'o'i ne: da asuba ma'auni kan sauko wajen digiri 14, wani lokaci ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haura kusan 30. Ga shi ba mu da bututun gas da ke shiga gidaje, ruwan famfo sai an ga dama, wutar da za ta juya famfon tukunyar kuma kai ma ka san halinta. Duk wanda ya ce ka zuba miliyoyi a wannan, ciniki yake nema.

Sai dai akwai darasi ɗaya a jikin tukunyar da ya fi ita kanta daraja. Wutar tana ci ne a cikin rufaffen akwati, tana jan iska daga waje, tana mayar da hayaƙi waje. Ruwa kaɗai ke kai zafi ɗakin kwana. Wato an raba wuta da iskar da mutum ke shaƙa. To riƙe wannan ma'aunin, mu gwada kayanmu da shi.

Kasko shi ne na farko, kuma shi ya fi faɗuwa. Ka sha jin ana cewa, "Bari ya ruru a tsakar gida, in hayaƙin ya ƙare sai a shigar da shi." Nan gizo ke saƙa. Hayaƙin da ido ke gani ne ya ƙare. Garwashi jajur yana ci gaba da fitar da wata iska da ake kira kabon monoksayid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ka rufe ƙofa ka toshe taga da tsumma saboda ƙura, iskar oksijin ta ragu, garwashin sai ya ƙara yawan gubar. A cikin jini kuwa, sinadarin da ke ɗaukar oksijin ya fi kama wannan gubar sau fiye da 200 a kan oksijin ɗin kansa. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abubuwan da za ka ɗauka mura ce ko zazzaɓi. Mai barci ma ba ya jin ko ɗaya. Jarirai, masu juna biyu da tsofaffi su suka fi saurin faɗuwa, kuma su ne dai muka fi kai wa kasko don tausayi.

Haka gadon ƙasa na masu jego, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Dabarar a kanta mai kyau ce, domin ƙasa na riƙe zafi ta riƙa sakinsa a hankali. Mutanen arewacin Sin suna da irinsa, suna kiransa kang, Koriyawa kuma suna ɗumama daɓen ɗaki gaba ɗaya. Bambancin shi ne nasu yana da hanyar hayaƙi da ke bi ta ƙarƙashi ta ɓulla waje. Namu bakin wutar a cikin ɗaki yake. Gyaran bai wuce aikin magini ba: bakin murhu a waje, bututun hayaƙi ya haura rufi.

Na biyu hitar bokiti. Ita ba ta da hayaƙi, amma ta karya dokar ta wata fuska, don ta haɗa lantarki da ruwan da hannunka zai taɓa. Ƙarfen da ke zafi yana cikin wani siririn bututu ne, kuma a masu araha bututun kan tsage ba tare da ka lura ba. Jiƙaƙƙen jiki a kan jiƙaƙƙen siminti hanya ce buɗaɗɗiya ga wuta mai ƙarfin bolt 230. Sannan ga matsalar da ta zama tamu: an ɗauke wuta, an manta hita a jone, aka kwanta. Cikin dare wuta ta dawo, ruwa ya ƙafe, bokitin roba ya narke ya kama.

Ka yi lissafin da kanka. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin kusan kilojul 4.2. Bokitin lita 20 daga digiri 18 zuwa 40 zai ci wajen rabin yunit na mita, wato kusan minti 30 da hita mai wat 1,000. Idan gida na da mutum takwas, yunit 4 ke nan kowace safiya. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit na rukunin A zuwa naira 225, ka ga ruwan wanka kaɗai ya zama abin sa wa a kasafi.

Hitar bango ta fi wannan aminci nesa ba kusa ba, amma fa idan an kafa ta daidai. Kada ka tsaya a sunan kamfani. Tambayi mai shago ko tana da na'urar da ke katse wuta da kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita, da bawul ɗin da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa. Tambayi mai wayarin ko gidan yana da wayar da aka binne a ƙasa, da bireka mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa, irin mai miliamfiya 30. Gidaje da yawa ba su da ko ɗaya, kuma ba mai tallar da zai gaya maka. Idan mai aiki da gas ce, wurinta waje ne, ba cikin banɗaki ba, don gas ma idan bai samu iska ba gubar kasko yake fitarwa.

Abin mamaki, wanda ya fi cin jarabawar nan shi ne ba a tallata shi: rana. Ba wuta, ba hayaƙi, ba waya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan na'urorin dafa ruwa da hasken rana. Rauninsu a hunturu shi ne hazo na rage haske, ƙura kuma na rufe gilashi, sai ana gogewa. Ko baƙar jarka ka ajiye a rana tun hantsi, za ta ba ka ruwan wankan yamma mai ɗumi, wanda ya fi dacewa da yara a kan wankan asuba.

Ɗumin ɗaki kuwa, kafin ka sayi komai dubi ginin. Shiga tsohon soro a cikin birni, ka ji yadda dare ba ya cizo kamar a ɗakin bulo. Kaurin bangon tubali da rufin azara suna shan zafin rana su riƙe, sai cikin dare su sake shi a ciki. Magina irin su Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da wannan ƙasar suka yi aiki. Mu muka koma siririn bulo da kwano, wanda ke zubar da zafinsa sama da zarar rana ta faɗi, sannan muka dawo muna neman garwashi. Silin mai kyau, labule mai kauri da shimfiɗa a kan siminti za su rage maka sanyin asuba, su kuma taimake ka a bazara.

Idan dole sai an yi kasko, a ji ɗumi a tsakar gida ko zaure mai iska, a kashe shi kafin barci. Abin da zai shiga ɗakin kwana ya zama ruwan zafi a cikin gora mai murfi, a naɗe da zane a sa ƙarƙashin bargo. Ka ga tsarin tukunyar Turawa ke nan a ƙaramin kuɗi: wuta a waje, ruwa ya kai zafi ciki. Kuma duk ranar da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, har da yara, kada a tsaya neman maganin mura. A fito da kowa fili, a nufi asibiti, na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko duk wanda ya fi kusa, a kuma faɗa wa likita cewa an kwana da gawayi.