Na'urar Ɗalibi Ta Kwana a Gona Kafin a Ba Shi Maki

Sassan injiniya da kwamfuta a jami'o'i sun fara koya wa ɗalibai haɗa ƙananan na'urori masu aika bayanai ta intanet. Arahar kayan aiki ce ta kawo haka. Arduino ya fito daga garin Ivrea na Italiya a 2005, Raspberry Pi ya biyo baya daga Ingila a 2012 kan dala 35, sai ESP32 na kamfanin Espressif a 2016, guntun allo mai ɗauke da Wi-Fi da Bluetooth. Ina maraba da wannan sauyi. Wanda dalma ta taɓa ƙona masa yatsa ya fi mai haddar zane sanin lantarki.

Inda nake da ja shi ne yadda ake ba da maki. Ranar kare furojek ɗalibi zai soka ma'aunin danshi cikin kofin ƙasa, ɗan famfo ya tashi, lamba ta fito a wayarsa, malamai su jinjina kai. Washegari na'urar ta koma kwali. Wani ma saye ya yi a wurin masu haɗa wa ɗalibai furojek.

A kai na'urar nan gonar tumatir a Kadawa ta yi wata guda. Ranar Afrilu za ta gasa robar jikinta, ƙura ta toshe ma'aunin, batir ya ƙare da tsakar dare, sabis ya ɗauke. A nan ɗalibi zai koyi auna wutar da na'urarsa ke ci, da sa ta barci tsakanin awo da awo, da adana bayanai har sabis ya dawo. Zai kuma ji ta bakin manomi ko abin ya rage masa kuɗin fetur na ban ruwa.

Sai batun tsaro. A Oktoban 2016 manhajar Mirai ta kame dubban kyamarori da ba a sauya musu kalmar sirri ba, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn hari, Twitter da Netflix da suka dogara da shi suka tsaya wa jama'a da dama a Amurka. Ɗalibin da ya bar kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita bai gama aikinsa ba.

Shugabannin sassa, ku ware rabin maki ga gwajin waje. Ku kuma gayyato masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre su koya wa yaran nan riƙon dalma, don sun fi malamai da yawa hannu.