A Bar Jika Ya Yi Tambayar

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta fara yaɗuwa a tsakanin matasanmu, wadda a ganina ta cancanci yabo, wato zaunar da kaka ko wani dattijon zuri'a a gaban kyamara ko wayar hannu, a ɗauki tarihin rayuwarsa daga bakinsa, domin na baya su ga fuskarsa, su ji lafazinsa da kunnensu. Al'ummar da malamanta suka raya ilmin isnadi, suna tantance wane ya ji daga wane kafin su karɓi ruwaya, ba ta bukatar dogon sharhi a kan falalar jin magana daga tushenta.

Sai dai akasarin abin da ake ɗauka ya fi kama da bidiyon biki: a naɗa wa tsoho rawani, a ɗora kiɗa, 'ya'ya su jero yabo, sa'an nan a datse maganarsa ta koma minti biyar don ta dace da Facebook. Abin da aka yanke aka zubar kuwa shi ne tarihin. A dubi Baba ta Karo, wadda marubuciya Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, Baba ta rasu a 1951, littafin labarinta ya fito a 1954. Ba basarakiya ba ce, ba malama ba ce, amma saboda an yi haƙuri an bar ta ta yi ta zuba a kan aure da kishi da ƙawance da harin bayi da zuwan Turawa, ga shi har yau manazarta suna komawa gare ta. Da alƙalami da takarda aka yi wannan aiki.

Babban cikas a gidajenmu shi ne kunya, domin ɗa ba zai iya duban idon mahaifinsa ya tambaye shi yadda ya nemi aure ba, uwa kuma ba ta ambatar sunan mijinta ko na ɗanta na fari, balle ta buɗe cikinta a gabansa. Amma al'adar da ta shimfiɗa wannan alkunya ita ce kuma ta halatta wasa tsakanin jika da kaka, kuma ta nan maganar take fita. Jikanya ce za ta ce, “Kaka, wai da gaske kin sha yin yaji?” tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce “ja'ira,” ta gyara zama a kan tabarma, ta soma daga farko. Daga nan sai a bi ta a sannu zuwa farin 1973, da ranar da fam da sule suka koma naira da kwabo, da ɗan'uwan da ya tafi Hajji a ƙasa ya zauna a Sudan, da sunayen kakanni, da iyakar gonar gado. In ta yi shiru kada a katse ta, kada kuma a kashe na'ura.

Abin da dattijo ya ce na cikin gida ne, amana ce, ba a watsa shi a intanet. A ajiye cikakken ɗaukan ba tare da yanka ba, a raba kwafinsa a gidaje biyu ko uku, don waya takan ɓace ko ta faɗa ruwa. Ya kai mai karatu, in Allah ya bar maka kaka da rai da hankali, kada ka ce sai an taru da Sallah. Ka tura jika da waya a cikin makon nan.