Ƙidaya Kafin Kamu: Gwanintar Masu Farautar Niyutirino a Ƙarƙashin Teku

A shekarar 1960 wani masani ɗan Tarayyar Sobiyat mai suna Moisey Markov ya kawo shawarar a saka na'urori masu jin haske can cikin zurfin tafki ko teku, a zauna jiran niyutirino. Ita niyutirino ƙwaya ce mitsitsiya, ba ta ɗauke da cajin lantarki, nauyinta kusan babu, kuma ba kasafai take kula wani abu ba. Waɗanda ke fitowa daga rana kaɗai, wajen biliyan 60 ne ke ratsa kowane murabba'in santimita a sakan guda, su wuce ta jikinmu, su wuce ta ƙasa, su fita ta ɗaya gefen duniya. Nan da can sai a sami guda mai ƙarfi ta yi karo da ƙwayar zarra, ta haifar da wata ƙwaya mai caji da ake kira muwon. Shi muwon ɗin idan ya keta ruwa da gudun da ya fi na haske a cikin ruwan, yakan bar shuɗin haske a bayansa, wanda ake kira hasken Cherenkov. Wannan ɗan hasken ake farauta.

Amma ba wanda zai ba ka jirgin ruwa da kuɗin shimfiɗa waya a ƙasan teku sai ya tambaye ka: guda nawa za ka kama a shekara? Bayan ka kama kuma za a sake tambayarka: ta yaya ka san ba arashi ba ne? Mutanen da ke amsa waɗannan tambayoyi biyu su ne suke burge ni fiye da kowa a wannan fage. Aikinsu ba ya fitowa a hoto, a kan takarda da kwamfuta suke yin sa, amma duk wata magana da aka faɗa wa duniya ta hannunsu ta bi.

Bari mu duba na'urar da suke yi wa lissafi. Ƙungiyar KM3NeT tana gina biyu a Bahar Rum. Ɗaya, mai suna ARCA, tana gaɓar tsibirin Sisili na Italiya, a zurfin da ya kusa mita 3,500. Ɗayar, ORCA, tana kusa da Tulon ta Faransa, a zurfin mita 2,450 ko kusa da haka. Igiyoyi ne ake kafawa a ƙasan teku, wani abu mai tasowa sama ya riƙe su a tsaye. Kowace igiya tana ɗauke da ƙwallayen gilashi 18, kowane ƙwallo kuma yana da idanu 31 masu kallon kowace kusurwa, idanun da ke iya jin ƙwayar haske guda tak. Idan aka kammala ARCA za ta kai igiya 230, ta mamaye ruwan da ya kai kilomita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi.

A baki, lissafin farko ba shi da wuya. Ka san yawan niyutirino da ke kwararowa daga sama, ka san faɗin abin da zai tare su, ka san tsawon lokacin da za ka jira, sai ka ninka su. Wuyar tana ga na tsakiyan. Masunci ya san girman kogi ba shi ne kamunsa ba, faɗin bakin komarsa da girman idanunta su ne magana. Haka nan wannan na'ura mai girman kilomita, tun da mafi yawan niyutirino ratsa ta suke yi ba tare da sun taɓa komai ba, ainihin faɗin kamunta ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da girmanta. Kuma wannan faɗi ba ya zama wuri guda. Yayin da ƙarfin niyutirino ya ƙaru, yiwuwar karonta tana ƙaruwa, muwon ɗin da ta haifa ma yana yin tafiyar kilomitoci, don haka ko da karon ya auku nesa da na'urar, ana iya ganinsa. Sai dai idan ƙarfin ya haura TeV 100 (TeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne), duniya da kanta takan fara shanye waɗanda suka biyo ta tsakiyarta, sai ya zama mafiya ƙarfi daga gefe kaɗai ake tsammaninsu, wajen inda sama ta haɗu da ƙasa. A gefe guda kuma, yawan masu zuwa yana raguwa da sauri yayin da ƙarfi ke hawa. Gwani yana riƙe da duk waɗannan a kansa lokaci ɗaya, ɗaya na ja sama, ɗaya na ja ƙasa.

Ba a samun wannan faɗi da alƙalami kawai. Ana ƙirƙirar miliyoyin niyutirino na kwaikwayo a kwamfuta, a jefa su daga kowace kusurwa, a bi kowace ɗaya: ina ta yi karo, yaya muwon ya rage ƙarfi a hanya, ƙwayar haske nawa ruwa ya shanye, nawa suka isa ido. Daga nan a ƙidaya waɗanda na'urar za ta gane. Idan aka yi kuskure kaɗan wajen sanin tsabtar ruwan, ko aka manta cewa laka da ƙananan halittu suna dusashe gilashi a hankali, duk lissafin ya karkace.

Sai kuma hayaniya, wadda a nan ne nake ganin gwanintar ta fi fitowa. Mutum zai ɗauka zurfin teku duhu ne tsit. Ga waɗannan idanu, ba haka ba ne. Gishirin teku yana ɗauke da wani nau'in fotasiyom mai lamba 40, wanda ke farfashewa fiye da sau goma a kowace lita a sakan guda, kuma kowace fashewa na iya ba da ɗan haske. Ido guda yana ƙyaftawa sau 6,000 zuwa 8,000 a sakan saboda wannan. Ka ninka da idanu fiye da 128,000 na cikakkiyar ARCA, za ka tarar da ƙyaftawa kusan biliyan ɗaya a kowane sakan. Ga kuma halittun teku masu fitar da haske, waɗanda ke ƙaruwa idan igiyar ruwa ta motsa. Duk wannan ana tace shi ta hanyar neman idanun da suka ƙyafta tare, bisa jerin da ya dace da tafiyar muwon. Abin sha'awa, wannan fotasiyom ɗin da ke damunsu shi suka mayar ma'auni: tun da yawansa a ruwa ba ya canjawa, da shi suke daidaita agogon idanun da ke cikin ƙwallo ɗaya, su kuma gane wanda ganinsa ya fara rauni.

Bayan wannan akwai muwon ɗin da ke zubowa daga sama, waɗanda ake haifa idan ƙwayoyin sararin samaniya suka bugi iskar duniya. Sun ninka waɗanda ake nema sau dubbai masu yawa, ko a wannan zurfi. Maganinsu shi ne a juya wa sama baya, a karɓi waɗanda suka ɓullo daga ƙasa kawai, don babu abin da ke iya ratsa duniya sai niyutirino. To amma iskar ɗaya gefen duniya ma tana haifar da nata niyutirino, kuma waɗannan ba su da wata alama da ta raba su da na nesa, in ban da cewa ƙarfinsu yakan yi ƙasa kuma ba sa taruwa wuri guda a sama. A nan tacewa ta ƙare. Abin da ya rage shi ne ƙidaya da hukunci.

Ƙa'idar da ake hukunci da ita ta Bafaranshe Poisson ce, tun 1837. A ce lissafinka ya nuna hayaniya za ta ba ka 100 a wani yanki na sama, sai ka sami 110. Ba ka sami komai ba, don hawa da sauka na goma abu ne da aka saba a irin wannan adadi. Amma a ce kana tsammanin 0.1, wato guda ɗaya a shekara goma, sai ga uku a shekara guda. Yiwuwar hakan ta faru bisa arashi kusan sau ɗaya ce cikin 6,500. Uku sun fi goma nauyi, domin nauyin yana ga abin da ka yi tsammani tun kafin ka duba. Masu wannan aiki suna auna nauyin da sigma. Sigma uku, wato kamar sau ɗaya cikin 740, sukan kira shi alama. Ba sa cewa sun gano abu sai an kai sigma biyar, sau ɗaya cikin miliyan uku da rabi.

Akwai tarko a nan, kuma yadda suke kauce masa ya cancanci girmamawa. Idan wurare dubu ka leƙa a sama kafin ka ci karo da waɗancan ukun, to abin mamakin ya ragu ƙwarai: ya koma kusan sau ɗaya cikin bakwai. Don haka sukan ɗauki bayanansu na gaskiya su hargitsa lokutan zuwansu, su ƙirƙiri sama ta bogi sau dubbai, su ga sau nawa arashi ke haifar da taro irin wanda suka gani. Sannan sukan rufe wa kansu ido. Ana tsara duk ƙa'idojin tacewa, a rubuta su, abokan aiki su amince, kafin a buɗe ainihin bayanan. Bayan an buɗe, ba mai taɓa ƙa'ida. Mutum ya shafe shekaru yana fatan ganin abu, sannan da hannunsa ya ɗaure kansa don kada fatan ya ruɗe shi. Ni a wurina wannan ɗabi'a ce kafin ta zama dabara.

Ko rashin kamu ma suna da hanyar sa shi magana. Idan ba ka ga ko ɗaya ba inda babu hayaniya, Poisson ya ce matsakaicin abin da ke zuwa da wuya ya wuce 2.3, da tabbacin kashi 90 cikin ɗari. Ka raba wannan da faɗin kamu da shekarun jira, ka sami iyakar da kwararar ba za ta haura ba. Na'urar ANTARES, mai igiya 12, wadda aka kammala a 2008 kusa da Tulon ta yi aiki har 2022, irin waɗannan iyakoki ta bari, kuma sun rufe ƙofa ga hasashe da dama. Na'urar IceCube, wadda ke cikin ƙanƙarar Antatika, da ta ga rarar niyutirino wajen 80 daga tarin taurarin NGC 1068, ta sanar a 2022 cewa sigma 4.2 ne, ta tsaya a kan kalmar alama.

Ranar 13 ga Fabrairun 2023, lokacin ARCA tana da igiya 21 kacal, wani muwon ya keta ta kusan a kwance, ya haskaka wajen kashi ɗaya cikin uku na idanunta, aka rubuta ƙyaftawa fiye da 28,000. Sai da masanan KM3NeT suka kwashe shekara biyu suna bincike kafin su wallafa a mujallar Nature a Fabrairun 2025. Sun kwatanta yawan idanun da suka haskaka da na kwaikwayo, suka ce ƙarfin muwon ɗin wajen PeV 120 ne (PeV ma'auni ne da ya fi TeV girma nesa ba kusa ba), na niyutirinon da ta haife shi kuma wajen PeV 220, wato ya ninka na ƙwayar firoton a babban injin cibiyar bincike ta CERN fiye da sau 30,000. Ba su ɓoye faɗin shakkar ba: daga PeV 72 har zuwa 2,600. Sun nuna cewa daga wannan kusurwa sai an ratsa ruwa da dutse fiye da kilomita 100, tafiyar da muwon na iska ba zai iya ba. Sun kuma faɗa cewa inda ta fito a sama akwai shakkar digiri ɗaya da rabi, mafi yawanta daga rashin sanin daidai yadda na'urar ta fuskanta a ƙasan teku.

Sannan suka yi lissafin da ba ya yi musu daɗi. IceCube ta fi su girma, ta kuma yi fiye da shekara goma tana sauraro, ba ta taɓa ganin mai irin wannan ƙarfi ba. Cibiyar Pierre Auger ta Ajantina ma haka. Da suka haɗa nasu guda ɗaya da rashin kamun waɗancan, sai lissafi ya nuna na'ura mai igiya 21 za ta jira wajen shekara 70 kafin ta ga irinta sau ɗaya, alhali su cikin ƙasa da shekara guda ta sauraro suka same ta. Suka rubuta hakan da kansu, suka ce sa'a ce mai nauyin sigma 2.2. Wasu masana suna ganin wataƙila wata majiya ce ta yi walƙiya na ɗan lokaci daga wannan kusurwa, wasu suna ganin niyutirino ce da aka haifa a hanya lokacin da ƙwaya mai tsananin ƙarfi ta yi karo da tsohon hasken farkon halitta. Kowanne daga cikin bayanan biyu yana da adadin da yake hasashen za a kama nan gaba, kuma kowace igiya da jirgi ya sauke a gaɓar Sisili tana ƙara faɗin kamu, tana rage shekarun da za a jira kafin a raba gardama tsakaninsu.